Mai Cewa Dakata

Ƙarfe huɗun asuba a Quellón,
ruwan sama bai ɗauke ba tun Talata.
Babana Baldomero ya bar mini bokiti a bakin ƙofa,
bushiyar teku goma sha ɗaya
da ya nutsa ya ɓamɓaro daga jikin dutse.
Sauran na kamfanin gwangwani ne.
Waɗannan, in ji shi, na 'yar nan ne mai kallon abin da ba a gani.

Na tatsi ƙwansu a tasar gilashi,
na ɗiga ruwan namiji, na dubi agogo.
Aikina rabinsa jira ne, rabinsa wankin kwalabe.

Ga ƙwaya ɗaya ƙarƙashin madubi,
kewayayya kamar watan sha huɗu.
Kada shirunta ya ruɗe ka.
Wani furotin na taruwa cikinta,
yadda teku ke hawa matakalar gaɓa,
tsani bayan tsani, ba gudu.
Zaren gado, da aka kwafe harafi-harafi,
ya yi sahu a tsakiya,
kowanne da igiyar gabas da ta yamma a wuya.
Ba mai motsi sai an ƙirga kowa.
Sai ruwan ya janye lokaci guda,
ƙugu ya tsuke,
ɗaya ta zama biyu.
Awa biyu da minti tara. Na rubuta.

A ɗakin ɗumi akwai wata tasa,
ƙwayoyin fata da Eufemia ke kiwo tun bara.
Su masu kara ne.
Suna yaɗuwa har kafaɗa ta taɓa kafaɗa,
sai kowa ta tsaya inda take,
ba wanda ya tsawata musu.
In zare ya tsinke a cikin wata,
mai gadi ya tare ƙofa: gyara tukuna.
In ya ƙi gyaruwa,
ta naɗe tabarmarta da hannunta,
ta mutu ba kuka, maƙwabta su share wurin.
Ban taɓa ganin kawaici irin wannan ba a cikin mutane.

Tasa ta uku ba na son buɗe ta.
Can mai gadi ya mutu, ko an toshe masa baki.
Suna hawa kan juna, suna tattake juna,
ba su san ƙoshi ba, ba su san maƙwabci ba.
Wanda bai ji bari ba ya ji hoho,
sai dai a nan ba ita ke jin hohon ba,
mai ɗauke da ita ne.

Ran Jumma'a likita a Castro ya ɗaga hoton huhu ga fitila.
Wani farin tabo, bai kai ɗan dankali ba.
Muka hau bas muka dawo, ba mai magana.
Sai da muka wuce Chonchi ya ce,
to, ke da kike kallonsu, me ya same ta?

Na ce, Baba, ta manta tsayawa.

Ya daɗe yana kallon tumaki ta taga.
Ya ce, shekara talatin da ɗaya ina nutso.
Sauka ba wuya, hawa ne abin tsoro.
Kana ganin cikin jirgi a sama, sanyi na cin ƙashinka,
amma dole ka rataya a tsakiyar ruwa
har Nicanor ya ja tiyo sau biyu.
Ɗan'uwansa bai jira ba. Da sanda yake tafiya yanzu.

Yau ma ya fita, duk da na hana.
Ni kuma ina nan, ido a madubi:
biyu sun zama huɗu,
huɗu sun tsaya cak,
suna jiran wanda zai ja musu tiyo.